Karl Liniyas da Ɗan Ƙwaro Mai Ɗigo Biyu

Duk ɗan makarantar da ya kai aji uku ya ɗanɗana wahalar haddace sunayen Latin a darasin ilmin halittu. Masara Zea mays, gyaɗa Arachis hypogaea, ɗan Adam kuma Homo sapiens. To, duka ukun nan mutum ɗaya ne ya raɗa su, watau Karl Liniyas, wanda Turawa ke rubuta sunansa Linnaeus.

An haifi Liniyas ran 23 ga Mayu, 1707, a wani ƙauye da ake kira Rashult a kudancin ƙasar Suwidin. Ubansa limamin coci ne mai son aikin lambu, tun yaron yana ƙarami yake binsa yana tambayar sunayen furanni. A makaranta kuwa bai yi wani abin kirki ba, har malamansa suka ba uban shawara ya kai shi koyon sana'ar hannu. Wani likita mai suna Yohan Rotman shi ya lura da basirarsa, ya ɗauke shi ya koya masa aikin likita da ilmin tsirrai. A 1727 ya shiga Jami'ar Lund, bayan shekara ɗaya ya koma ta Ufsala. Talauci ya matsa masa ƙwarai a can, an ce har da takarda yake toshe hujin takalminsa.

A 1732 ya yi tafiyar wajen wata biyar a Lafland, can ƙuryar arewa, yana tattara tsirrai da ƙwari. Daga baya ya haye Holan ya sami digirin likita a 1735, a shekarar kuma ya buga littafinsa Systema Naturae, wanda a lokacin bai fi shafi goma sha biyu ba. Ya komo gida a 1738, ya yi aure, aka naɗa shi farfesa a Ufsala a 1741.

Kafin zamaninsa sunan halitta a littafin masana jimla ce doguwa, wani lokaci kalma goma ko fiye, kowane malami kuma da irin tasa. Liniyas ya ce kalma biyu ta isa: ta farko sunan dangi, ta biyu sunan ita halittar. Ya bi wannan tsari ga tsirrai a 1753, sa'an nan ga dabbobi a bugu na goma na Systema Naturae a 1758, inda ya jera dabbobi fiye da iri 4,000. Har yau masana daga wannan bugun suke soma lissafin sunayen dabbobi.

Cikin dabbobin nan akwai wani ɗan ƙwaro dangin buzuzu, wanda girmansa bai kai ƙwayar wake ba. Bayansa a dunƙule yake kamar an kifa 'yar ƙwarya, yana da murfi biyu masu tauri, fukafukan tashi suna naɗe a ƙarƙashi. Abincinsa shi ne 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu taruwa a ƙarƙashin ganye suna tsotse ruwansa, su bar darɓa. Shi da tsutsarsa duka cin su suke yi, don haka aboki ne ga manomi. Liniyas ya raɗa wa danginsa suna Coccinella, daga kalmar Latin mai nufin ja wur.

Da ya zo rarrabe su sai ya kama ƙidayar ɗigon da ke bayansu. Mai ɗigo bakwai, uku a kowane gefe da ɗaya a tsakiya, ya kira shi septempunctata. Mai goma decempunctata. Ƙaramin kuwa, wanda tsawonsa bai wuce milimita 4 zuwa 5 ba, ja da baƙin ɗigo ɗaya a kowane murfi, ya kira shi bipunctata, watau mai ɗigo biyu. Dabara ce mai sauƙi, ko yaro na iya bin ta.

Amma fa ɗigon ya yaudare shi. Ashe shi wannan mai ɗigo biyu ba kullum yake ja ba. Akwai baƙi mai jan ɗigo huɗu, akwai mai shida, alhali duk iri ɗaya ne, suna barbarar juna suna haihuwa. Liniyas ya ɗauki baƙin mai ɗigo shida wani iri ne dabam, ya ba shi sunansa na kansa, sexpustulata. Sai bayansa aka gane ƙwaro ɗaya ne ya sake riga. Mai ɗigo goma ma haka yake, sau da yawa in ka ƙidaya ba za ka sami goman ba. Shi ya sa masana yanzu ba su dogara da ɗigo kaɗai. Sukan juya ƙwaron su duba cikinsa da ƙafafunsa, domin na mai ɗigo biyu baƙaƙe ne, na mai goma kuwa ruwan ƙasa. In abin ya faskara sai su fiɗe namijin su duba al'aurarsa da madubin ƙara girma, ko su gwada ƙwayoyin gadonsa.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Etiyen Mulsan na birnin Liyon, ya sake rarraba dangin, ya mai da mai ɗigo biyu cikin wani sabon dangi, Adalia. Duk da haka kalmar da Liniyas ya raɗa ba ta faɗi ba. Ana rubuta Adalia bipunctata (Linnaeus, 1758), bakan da aka sa wa sunansa kuwa alama ce cewa an sauya wa ƙwaron dangi. A ganina nan ne gwanintarsa take: ya yi tsarin da za a iya gyara kuskurensa ba tare da an rushe shi ba. Yau an san ire-iren ƙwaron nan fiye da 6,000.

Wani zai ce mene ne amfanin duk wannan wahala a kan ƙwaro? Iyayenmu manoma sun san amsa. 'Yan ƙwarin darɓa su ke yaɗa cutar kuturtar gyaɗa, wadda ta yi mummunar ɓarna a Arewacin Nijeriya a 1975. A gonakin wake da gyaɗa akwai 'yan'uwan ƙwaron Liniyas, na dangin Cheilomenes, masu cinye su. Akwai kuma wasu masu kama da su sak, na dangin Epilachna da makamantansu, waɗanda ganyen shuka suke ci. Wanda bai iya bambanta su ba sai ya fesa wa mai taimakonsa magani.

Ba duk abin da Liniyas ya rubuta ne abin yabo ba. Ya raba 'yan Adam gida huɗu bisa nahiya da launin fata, ya jingina wa baƙar fata halayen banza, alhali bai taɓa taka Afirka ba. Ilmin yau ya yi watsi da wannan rabo.

Sarkin Suwidin ya ba shi sarauta a 1761. Shanyewar jiki ta kama shi a 1774, mantuwa ta yi masa yawa, ya rasu ran 10 ga Janairu, 1778, aka binne shi a babban cocin Ufsala. A 1784 matarsa ta sayar wa wani saurayi Bature ɗan Ingila, Jems Edwad Simit, littattafansa da busassun tsirrai da ƙwarin da ya tara. Simit ya kafa ƙungiya da sunan Liniyas a Landan a 1788, kayan kuwa suna hannunta har yanzu.