Malam Abdullahi na Gwandu da Haddin Mahukunta

An haifi Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu kuma wazirinsa, a 1766. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a Tafkin Kwatto, yamma da Illela ta yau, a 1804. Sai dai nasara ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya ga mayaƙa sun karkata ga ganima da sarauta, ana sayar da 'ya'ya kamar bayi, wasu alƙalai kuma na bin son zuciya. Wajen 1807 ya bar runduna da niyyar hajji. Kanawa suka tsayar da shi, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami, inda ya fayyace sharuɗɗan alƙali da iyakar ikon shugaba wajen horon wanda ake tuhuma. Ya rasu a Gwandu a 1829.