Takiyyuddin da Tauraruwa Mai Wutsiya

An haifi Malam Takiyyuddin ɗan Ma'arufu a birnin Dimashƙa cikin 1526. Ya yi karatu a Masar, ya yi alƙalanci, sa'an nan ya shugabanci masana taurari a Santambul, inda Sarkin Turkawa Muradu na Uku ya gina masa gidan nazarin taurari.

Cikin watan azumi na 1577 wata gagarumar tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, bayan ta gifta daf da rana. Malamin ya lura da tafiyarta, amma sai ya zarce, ya yi wa Sarki busharar nasara da alheri. Annoba ta ɓarke, aka rushe gidan cikin 1580. Ya rasu cikin 1585.

Jama'a, lissafi ilmi ne, gaibu kuwa sai Allah. Allah ya gafarta masa, amin.