Bubu Hama, shugaban majalisar da bai raina gatana ba

Duk wanda ya je Yamai sarin kaya, da wuya bai ji sunan Bubu Hama ba, tun da gidan tarihi na ƙasa, inda ake kai yara kallon zaki da kura, sunansa yake ɗauke da shi. Amma mutane ƙalilan ne suka san cewa wannan dattijo ya zauna ya rubuta wa yara ƙanana littattafai.

An haife shi a shekarar 1906 a ƙauyen Foneko, kusa da Tera, ƙasar Sonrai. A zamanin nan iyaye ɓoye ƴaƴansu suke yi don kada a kai su lakwal ɗin nasara. Shi an kai shi. Daga Tera ya wuce Dori, sai Wagadugu, har makarantar horon malamai ta William Ponty a Senegal. A 1929 ya komo gida, ya zama mushe na farko ɗan Nijar da ya fito daga can.

Siyasa ta ja shi. Yana cikin manyan jam'iyyar PPN-RDA tare da Diori Hamani, ya kuma riƙe majalisar dokoki daga 1958 zuwa 1974. Mulkin jam'iyya guda ne, kuma ƴan Sawaba ba su manta wuyar da suka sha a lokacin ba.

Abin mamaki shi ne, mutum mai wannan matsayi bai ɗauki gatana wasan tsofaffi mata ba. Ya bi dattawa da maroƙa yana tattara labaru, ya fito da su jeri-jeri cikin Contes et légendes du Niger. Sannan shi da wata marubuciya ƴar Faransa, Andrée Clair, wadda ta daɗe tana aiki a Nijar, suka tsara wa yara littattafai masu zane, kamar Le Baobab merveilleux a 1971 da La Savane enchantée a 1972. Kuka, daji, namun dawa, aljannu: abin da yaronmu ya sani ne, a lokacin da littafin lakwal ke cike da labarun ƙasar turawa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Da Faransanci aka rubuta su, a Paris aka buga su. Uwar da gatanar ta fito daga bakinta, idan ba ta shiga lakwal ba, ba ta iya karanta wa ɗanta. Zanen kawai take iya nuna masa, ta ƙarasa sauran da ka.

Da sojoji suka kifar da gwamnati ranar 15 ga Afrilu 1974, Seini Kunce ya sa aka tsare shi a Agadas, yana dab da shekara 70. Daga baya an sake shi. Ya rasu a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982. Allah ya jiƙansa.