DORUGU, YARON DA YA BA DA BAKINSA

'Yan'uwa, sa'ad da mu ke tuna da waɗanda suka riga mu aiki, bai kamata mu manta da Dorugu ba. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, cikin ƙasar Damagaram. Tun yana ƙarami mahara suka kama shi, suka raba shi da iyayensa, aka kai shi Kukawa ta Barno a matsayin bawa. A can ne wani Bajamushe, Overweg, wanda mutane su ke kira Tabib, ya 'yanta shi.

Tabib ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852. Sai abokinsa Barth, wato Abdul Karim, ya ɗauki Dorugu tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Suka bi ta Katsina da Sakkwato har Tambutu, sa'an nan suka komo Kukawa. Cikin 1855 suka shiga Sahara. Hanyar nan ita ce wadda fatake su ke kora bayi a kanta, da yawa kuwa ƙishirwa ta kan kashe su tun ba su kai Fezzan ba. Dorugu ya bi ta yana ɗa. Daga Murzuk suka kama hanyar Sabha, wadda garin Ghuddwa ya ke bakinta, har suka sauka Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa. A watan Satumba suna Landan.

A Ingila ya zauna gidan Schön, wani mai bishara wanda ya daɗe yana fama da koyon Hausa. Mai koyo daga nesa kuwa ba ya rasa tuntuɓe. Dorugu ya riƙa ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa, da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa kalma kalma. Da taimakon nan aka buga Matta da Yohanna da Ayyukan Manzanni da Hausa cikin 1857, littafin nahawu cikin 1862, ƙamus kuma cikin 1876. Labarin Dorugu da kansa ya fito a littafin Magana Hausa cikin 1885. Aka yi masa baftisma, aka sa masa suna James Henry.

Ya komo ƙasarmu cikin 1864, ya yi shekaru yana tafinta. Da ya tsufa ya koyar da boko a makarantar Ɗan Hausa da ke Nasarawa a Kano. Ya rasu cikin 1912, shekara 20 kafin Littafi Mai Tsarki ya fito dukansa da Hausa cikin 1932.

Sunan Schön ne a bangon littattafan nan, amma yawancin Hausar da ke ciki daga bakin Dorugu ta fito. In mun buɗe namu da safe muna karatu da harshen iyayenmu, sai mu tuna da shi, mu gode wa Ubangiji.