John Newton, Mai Fataucin Bayi da Ya Tuba

Da shi ke darasinmu a kan tuba da shari'a ya ke, mun ga ya kyautu mu sa tarihin mutum ɗaya a gabanku, gama labarinsa ya shafi gaɓar Afirka ta Yamma.

An haifi John Newton a Landan cikin shekara ta 1725. Uwarsa mai tsoron Allah ce, ta koya masa Littafi Mai Tsarki tun yana ƙanƙane, amma ta rasu kafin ya cika shekara bakwai. Yana da shekara goma sha ɗaya ubansa ya fara tafiya da shi teku. Sannu a hankali ya yar da abin da aka koya masa, ya zama mai saɓo. Cikin 1744 aka sa shi aikin jirgin yaƙi tilas. Ya gudu, aka kamo shi, aka yi masa bulala. Daga nan ya faɗa hannun wani Bature mai sayen bayi a wani tsibiri kusa da Saliyo, inda zazzaɓi da yunwa suka kusa kashe shi. Bayin da ke ɗaure su ne suka riƙa ba shi abinci a ɓoye. Ku riƙe wannan, gama yana ƙara nauyin abin da ya yi daga baya.

Cikin watan Maris na 1748, yana kan hanyar komawa Ingila, hadiri mai ƙarfi ya auka wa jirginsu, igiyar ruwa ta tafi da mutum ɗaya. Newton yana ɗaure da igiya yana fid da ruwa, sai ya ji bakinsa ya roƙi jinƙan Ubangiji. Amma abin da ya fara zuwa masa ba salama ba ce. Ayoyin da ya sani tun yana yaro suka taso masa, su Misalai sura 1 da Ibraniyawa sura 6, ya ga kamar ƙofa ta riga ta rufu a kansa. Sai da ya yi kwanaki yana karanta Sabon Alkawari, musamman misalin ɗan nan da ya ɓace cikin Luka 15, kana ya fara sa zuciya.

Masu wa'azi da yawa a nan su kan tsaya, amma mu ba mu da iko mu tsaya. Bayan hadirin nan Newton ya bar saɓo, ya kama addu'a, duk da haka ya koma fataucin bayi. Tsakanin 1750 da 1754 ya yi tafiya uku yana shugaban jirgi. Ran Lahadi ya kan tara ma'aikatansa su yi sujada a bisa, a ƙarƙashin ƙafafunsu kuwa mutane suna kwance cikin sarƙa. Zunuban da jama'arsa ke ƙyama ya gane su da wuri; wanda kowa ke yi, doka kuma ta yarda da shi, bai gan shi ba. Ciwo ne ma ya raba shi da teku cikin 1754, ba lamiri ba.

Cikin 1764 aka naɗa shi mai hidimar ikilisiya a garin Olney, inda shi da William Cowper suka rubuta waƙoƙin sujada da aka buga cikin 1779. Ya koma wata ikilisiya a Landan cikin 1780. Can William Wilberforce ya zo neman shawararsa cikin 1785, Newton ya ƙarfafa shi ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a wurin.

Sai cikin 1788, shekara talatin da huɗu bayan ya bar jirgi, ya buga ɗan littafi inda ya bayyana muguntar cinikin dalla-dalla, ya furta kunyarsa a fili, ya yarda furcin ya zo a makare. Aka aika wa 'yan majalisa da shi, shi kuma ya ba da shaida a gaban hukuma da bakinsa.

Majalisar Ingila ta hana fataucin bayi cikin watan Maris na 1807. Newton, tsoho, idonsa ya kusa rufewa, ya rasu ran 21 ga Disamba na shekarar nan, yana da shekara tamanin da biyu.