Diori Hamani, mushen lakwal mai shiga tsakani

Dattawa da ƴan'uwa na ci-rani, a wannan fitowa za mu tuna da Diori Hamani, shugaban Nijar na farko. An haife shi a Sudure, kusa da Yamai, a 1916. Ya yi karatun malanta a lakwal William Ponty ta Senegal, ya koyar da yara, daga baya ya koyar da Hausa da Zabarmanci a Paris. Ya riƙe ƙasa daga 1960.

Da yaƙin Biyafara ya ɓarke a Najeriya a 1967, ƙungiyar OUA ta naɗa shugabanni shida su nemi sulhu, har da shi. Abin ya shafe mu kai tsaye, domin gyaɗarmu ta Kano take bi zuwa Legas, kuma dangi na nan gefe biyu na iyaka. Faransa ta karkata wajen Biyafara, shi kuwa ya tsaya a kan kada Najeriya ta rabu.

Duk da haka, a watan Yuli 1968 ya karɓi ɓangarorin biyu a Yamai. Gowon ya zo ya faɗi nasa, ya tafi. Ojukwu ya iso bayansa. Ba su haɗu ba, amma wakilansu sun zauna ɗaki guda, suka yarda da abin da za a tattauna: sulhu mai ɗorewa, tsagaita wuta, da hanyar kai abinci ga masu yunwa. Duk wanda ya taɓa raba rigimar gona ya san wannan mataki, a fara sa masu faɗa su amince da me ake gardama a kai. Taron Addis Ababa da ya biyo baya ya watse, yaƙin bai ƙare ba sai Janairu 1970.

Inda ni nake ganin ya gaza, a gida ne. Djibo Bakary danginsa ne, amma an haramta Sawaba a 1959, kuma bayan harin 1964 an harbe mutane a bainar jama'a. Ba a sami mai zaunar da su biyun ba.

Sojan Seyni Kountché sun kifar da shi ran 15 ga Afrilu 1974, matarsa Aisa ta rasu a daren. Ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Rabat ta Maroko a 1989.