Malam Sa'adu Zungur: Ɗan Liman Da Ya Je Yaba

Duk ɗan Arewan da ke zaune a Ikko ko Badun yau, in ya waiwaya baya zai iske Malam Sa'adu Zungur ya riga shi taka wannan hanya. An haife shi a birnin Bauchi ana cikin Yaƙin Duniya na Farko, a gidan limamai, inda ya yi karatun allo da na littattafai kafin ya shiga makarantar boko. Daga Bauchi ya wuce Kwalejin Katsina, a 1934 kuma ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga Babbar Kwalejin Yaba.

A wancan zamani mutane da yawa suna tsoron cewa yaron da ya karanta kimiyya a tsakiyar Kirista zai dawo ba addini. To, masu wannan tsoro sun manta da abin da ake karantarwa a zaurukanmu. Littafin tauhidi Ummul Barahina na Shehu Sanusi, mutumin Tilimsan wanda ya rasu a 1490, da hujjar hankali yake kafa samuwar Allah: kowane jiki ko yana motsi ko yana tsaye, waɗannan halaye kuwa suna canjawa, abin da ke canjawa fararre ne, fararre kuma ba shi farar da kansa, tilas akwai Wanda ya fare shi. Kirista ma suna da irin tasu. Malaminsu Toma Akwinas na ƙasar Italiya, wanda ya rasu a 1274, ya kawo hujjoji 5, ta farkonsu ita ma daga motsi ya ɗauko ta. Saɓanin da ke tsakanin addinan biyu babba ne, ba mai musun wannan, amma sun haɗu a kan cewa Allah bai halicci duniya ya juya mata baya ba, Shi ne ke gudanar da ita kullum.

A ganina nan ne tushen Waƙar Bidi'a, wadda Malam Sa'adu ya yi a kan camfi da tsafi da al'adun da aka cusa cikin addini. In dai Allah ne mai rayawa da kashewa, me ya rage a hannun boka ko ɗan bori? Watau hankalin da ya kai mutum ga sanin Mahalicci, shi ne dai zai hana shi tsoron abin halitta. Wanda ya daina tsoron boka kuwa, ba zai daɗe ba zai fara yi wa hakimi tambaya.

Haka kuwa aka yi. Bayan ya koyar a Zariya, inda suka shaƙu da Malam Aminu Kano, ya koma gida, suka riƙa zaman muhawara a Bauchi tun daga 1943 tare da Malam Aminu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana tattauna mulkin En'e a gaban masu mulkin. A 1948 ya sake zuwa Ikko ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Dokta Azikiwe. Da ya dawo Arewa ya kasance cikin masu ba NEPU tunani da alƙibla bayan kafa ta a 1950. Waƙarsa ta Arewa Jamhuriya ko Mulukiya gargaɗi ce ga sarakuna su gyara tun kafin lokaci ya ƙure, Maraba da Soja kuma ta tarbar sojojinmu ce da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu.

Ciwon ƙirji ya daɗe yana cinsa, har ya kwantar da shi shekaru. Ya rasu a Bauchi a 1958 yana da shekara 40 da 'yan kai, saura shekara 2 Nijeriya ta sami mulkin kai. Allah ya jiƙansa.